Allon da Kawu Halliru Ya Sawo

Kwamfutar Abdulgafar ba ta tashi ba ranar Asabar, ranar da ya sanar wa samarin unguwarsu a Wurno cewa zai buɗe shagon wasan kwamfuta. Babu abin da ya lalace a cikinta. Kayan ne ba su dace da juna ba.

Abdulgafar malamin firamare ne, ɗan shekara ashirin da takwas. Ya yi shekara biyu yana tara kayan ɗaya bayan ɗaya: firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da ram guda biyu, wato sandunan da injin ke riƙe aikinsa a ciki, da katin hoto, da akwati mai gefen gilashi. Abin da ya rage shi ne babban allon da ake dasa su duka a kai, wanda masu gyara ke kira madabod. Ya rubuta suna da lambarsa a takarda, ya ba Kawu Halliru, wan mahaifiyarsa, wanda ke kai albasa Legas. Shagon ma Kawu ne ya ba shi.

A Legas mai kanti ya duba takardar, ya ce wannan na shekarun baya ne, akwai sabo. Kawu ya cika daga aljihunsa ya sayi sabon. Kafin ya miƙa wa Abdulgafar kwalin, sai da ya nuna shi a majalisa da kuma ƙofar masallaci.

Da hantsin Asabar Adawiyya, 'yar Kawu, ta leƙo shagon. Ma'aikaciyar ajiye bayanai ce a wani asibiti a Goronyo, kuma taubashiyar Abdulgafar. Ta same shi tsugune da firosesa a hannu.

"Injiniya, ina wasan? Na ga yara sun yi layi waje."

"Bai shiga," ya ce. Ya nuna mata. Firosesan nasa mai ƙananan ƙafafu ne da ke neman ramuka. Gurbin sabon allon kuwa babu rami ko ɗaya, shi ma ƙafafu ne a cikinsa.

"Ram ɗin fa?"

Ya ɗora ɗaya a kan gurbinsa. Tsagar da ke jikin ram ɗin ta kauce wa ta allon da kamar faɗin ƙwayar gero.

"Ɗan wanga? Kawo zarto."

"Adawiyya, don Allah."

"To mi za ka yi? Ka mai da allon, a ba ka wanda ka rubuta."

Akwai wani mai gyara a Sakkwato da ya ce zai karɓi allon da murna, ya ba shi tsoho har da ƙari. Da haka kwamfutar za ta tashi kafin magariba. Amma allon Kawu fari ne tas, tsohon kuwa baƙi ne, akwatin kuma na gilashi; da kallo ɗaya Kawu zai gane an canja. Ɗaya hanyar ita ce ya rabu da firosesa da ram ɗinsa, ya nemi sababbi, shagon ya zauna a rufe har hutun makaranta ya wuce.

"Kin san Kawu," ya ce. "Ya faɗa ma Liman. Ya faɗa ma mai shayi."

"Ya faɗa ma likitanmu ma. Ni na ce akwatin gilashi alfahari na, ba ka ji ba."

Suna cikin haka Kawu Halliru ya yi sallama, tare da abokansa biyu. Abdulgafar ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe su. Kawu ya wuce kai tsaye gaban akwatin, ya nuna farin allon da bakin sandarsa.

"Ga shi nan. Babu irinai duk ƙasar ga, har Rabah. Kunna muna mu gani."

Abdulgafar ya jona wayar wuta. Wata 'yar fitila a gefen allon ta kama, shuɗiya. Abokan Kawu suka ce masha Allah. Aka jira. Fitilar ta ci gaba da zama shuɗiya.

"Shina ɗumama na," in ji ɗaya daga cikinsu.

"Baba," Adawiyya ta ce, "kayan Abdul ba su shiga allonka."

Abdulgafar ya dubi ƙasa. Kawu ya juyo.

"Laihin allon na?"

"A'a, Kawu," Abdulgafar ya ce da sauri. "Allon lahiya lau. Ya dai fi ƙarhin nawa."

Kawu ya juya ga abokansa fuska a sake.

"Kun ji ko? Abin da mai kantin yac ce ke nan. Yaran ga sai su tara tsohon kaya." Ya dafa kafaɗar Abdulgafar. "Kak ka ji kunya. Kowa na kuskure."

"Na gode, Kawu."

Bayan sun fita Adawiyya ta zauna a kan benci, ta yi dariya har ta share ido da gefen hijabinta.

"An yahe maka, Injiniya."

 Abdulgafar ya fita ya sallami yaran da ke layi. Ya dawo ya mayar da firosesan cikin robarsa, ya naɗe ram ɗin a jarida, ya bar farin allon a ɗaure cikin akwati. Da azahar ya kai ƙunshin tasha, ya ba direban motar Sakkwato tare da lambar mai gyaran.

Mai gyaran ya kira bayan la'asar. Ya ce zai karɓi ram ɗin. Firosesan kuwa, ƙafa biyu sun lanƙwashe wajen gwajin safe, sai ya miƙar da su ya gwada kafin ya ce komai. Har ranar Talata bai sake kira ba.