Abin da Baturiyar ta Ce

Tun da Tetsuo ya yi ritaya daga koyar da Turanci a Gifu, duk baƙon da ya shigo shagon ƙanwarsa Fumie Tetsuo ake kira ya yi tafinta. Fitilun takarda take yi, sana'ar da ta gada wurin mahaifinsu.

Wata Asabar wata Baturiya mai otal a Ingila ta shigo. Ta daɗe tsaye gaban wata fitila, sannan ta ce a hankali, "Lambent."

Fumie ta ce, "Yaya, me ta ce?"

Tetsuo bai taɓa jin kalmar ba. Ga ƙanwarsa ta zuba masa ido, ga baƙuwa tana jira. Ya gyara tabarau ya ce, "Wai hasken ya yi rauni."

Fumie ta yi murmushin yaƙe, ta rusuna ta yi godiya. Baturiyar ta ce za ta dawo bayan damina.

Da ya koma gida ya buɗe ƙamus. Ashe haske ne mai laushi, mai wasa a jikin abu ba tare da ya ƙona shi ba. Yabo ne zalla. Ya ce gobe zai gaya mata. Gobe ta yi, baki ya yi masa nauyi.

Yana ji yana gani Fumie ta daina sayen takarda mai kauri wurin tsoho Hattori mai yin ta da hannu, ta koma shara-shara, ta sa ƙwayayen lantarki masu ƙarfi. Shago ya zama kamar ɗakin tiyata. In ta kawo masa shayi da wainar shinkafa, sai ya karɓa yana kau da kai.

Baturiyar ta dawo, ta dudduba tana ƙifta ido, ta tambayi fitilu irin na da. Babu. Ta fita hannu wofi.

Tetsuo ya ce, "Fumie, ran nan ba kushewa ta yi ba, yabawa ta yi. Ni ne ban san kalmar ba."

"Yaushe ka gane?"

"Tun a ranar."

Ta ajiye burushin gam ta dube shi. "Malam guda! Da ka ce ba ka sani ba, wa zai kama ka? Ni bar batun tawa asarar. Tsoho Hattori ya ɗauka hannunsa ne ya lalace. Har nan ya zo da sandarsa yana ba ni haƙuri."

Washegari da sassafe Tetsuo ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya shiga jirgin ƙasa zuwa ƙauyen Hattori don ya ba shi haƙuri. Fumie ba ta raka shi tasha ba, amma ta ba shi saƙo: a aiko mata da takarda irin ta da, in tsohon zai yarda.