Fuskar Mama da Takardun Ƙosai

—ta sake ɗagowa. Dube ta. Kusurwar nan dai ta gefen kumatu, wadda na shafe da ƙaro har sau uku, na danne da dutsen guga tun safe. Ina ɗauke dutsen ta miƙe abinta kamar kunnen akuya. To me kike so in yi miki? In zauna a kanki?

Ƙaro ya ƙi. Sitacin rogo ya ƙi. Gam ɗin kwalba da na je har Kasuwar Barci na sayo, mai warin nan da ke sa ciwon kai, shi ma ya ƙi. Takardar buhun siminti ta kwanta, kwalin sukari ya kwanta, ƙyallen atamfar da na yi miki ɗankwali da shi ya kwanta lafiya lau. Takardunki ne kawai, Mama. Takardun da kike naɗe ƙosai. Duk inda mai ya taɓa, gam ba ya kamawa. Wato ko kin mutu ba za ki daina gardama ba?

Maganinta almakashi, kamar sauran. In datse gefen mai man, in manna abin da ya rage. Sati uku ke nan abin da nake yi. Ina almakashin ma... ƙarƙashin kwali... a'a, ga shi a cinyata.

Biyu da rabi. Inna Mary ta ce ƙarfe huɗu za ta iso daga Kakau, kuma kin san yayarki, huɗunta uku da rabi ne.

Gobe Lahadi. Addu'ar godiya a coci, wata uku da tafiyarki. Za a ajiye tebur a gaba, da farin ƙyalle, da fure, da hoton mamaciya. Hoto. Wane hoton? Shekara hamsin da takwas a duniya, mace ba ta tsaya gaban mai hoto ko sau ɗaya ba. "In tsaya ƙiƙam kamar turmi, mai yana ƙonewa?" Ranar auren Sylvanus, ɗanki na fari, kowa ya shiga layi, ke kina bayan rumfa da ludayi. Na bincike hotunan nan ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar hannunki ce kawai ta fito a guda, a bakin hoton, kusa da tukunya. Gwiwar hannu zan kai coci?

Shi kuma Sylvanus... "Comfort, ki bar wannan shirmen. Mu kai Inna Mary wurin mai zanen allon shago, ya zana ta, ya rage mata shekara biyar. Ai uwa ɗaya uba ɗaya suke." Ka ji fa. Ya rage mata shekara biyar. Kamar ana rage gishiri a miya. Ni da na yi shekara uku ina karatun zane, ni da nake koya wa yaran firamare yadda ake riƙe fensir, a ɗauki fuskar uwata a kai wa mai zana kan aski da kwalbar lemo? Na buga ƙirji a gaban dangi. Na ce ni zan yi, kuma ba da fenti ba, da kayanta zan yi ta, da takardun da ta bari a kwando. Bakina ne ya jawo mini, ba kowa ba.

Inna Mary ba ta yi dariya ba, ita kaɗai. Ta ce, "Zan zo in duba. In na ga ƙanwata Asabe, a kai coci. In ban gan ta ba, fure ya isa." Shi ke nan hukunci. Kuma ba ta iya ƙarya ba, ko don a ji daɗi.

Su kashe talbijin ɗin nan mana! Duk gidan hayan sun taru a ɗaki ɗaya, ƙofa a buɗe, badujala tun safe. Soja sun miƙa mulki, soja sun miƙa mulki — na ji. Na ji! Allah ya sa alheri. Ni hanci nake nema.

Hancin nan ba naki ba ne. Na san ba naki ba ne, amma ban san inda ya kauce ba. Na yi shi da tsohuwar jarida, wadda ta yi launin shayi da madara, na yi masa inuwa da takardar siminti. Ya yi kyau. Abin haushin ke nan, ya yi kyau. Hancin wata mata ce mai hankali da ban taɓa gani ba.

Idanun kuma — karo na huɗu zan shiga. Na farko suka fito nawa. Na ɓamɓare. Na biyu suka fito na Inna Mary, kamar Sylvanus ya yi mini baki. Na uku... ban ma san na wa ba, na wata mai tallan sabulu a kalanda. Tsagen gefen idonki uku ne ko huɗu? Wushiryarki a sama take, wannan na tabbata. Na tabbata? Wata uku kacal. Wata uku, Comfort, har kin fara tambaya?

Jiniyar masaƙa, shida na safe. Ma'aikatan dare suna fitowa da auduga a gashin ido, na safe suna shiga, kowa da hannu a miƙe. Kina kan 'yar kujera, kanki a sunkuye, hayaƙi tsakanina da ke. Kullum hayaƙi. Kullum sunkuye. Saman ɗankwalinki na sani, na san bayan wuyanki, na san yadda kike karkata kai in mai ya yi tsalle. Da kin samu sarari sai ki jawo takardun da akawun masaƙa ke tara miki, ki dafe kusurwa da babban yatsa, ki yage gida huɗu, fyat, fyat, ba wuƙa ba almakashi, kuma duk su fito daidai. In kin ga mai rubutun Larabci ki ware ta gefe, ki miƙa wa Malam Nuhu mai shayi. "Wannan ba ta ƙosai ba ce, Malam, ka san inda za ka kai ta." Wannan duk ina gani sarai. Fuskar ce in na ɗago ido sai hayaƙi.

Ɗago mana. Ɗago ki dube ni sau ɗaya, in ga inda hancin ya tsaya.

Ai kin ɗago. Ƙarya nake yi, kin ɗago. Shekarar da na shiga kwaleji, ina tafe da 'yan ajinmu, farar riga, takalmi mai tsini. Muka ɓullo ta ƙofar masaƙa. Kika ɗago, kika buɗe baki za ki kira ni — ni kuma na juya kai ina kallon layin dogo, kamar an ce mini jirgi na zuwa. Ba ki kira ba. Da yamma kika ajiye mini ƙosai shida a rufe, har kika mutu ba ki tada zancen ba. Daga ranar na koma bi ta bayan makaranta. Shekara uku ina zagaye. Kunya nake ji, Mama, kunyar warin mai a jikin littattafaina. Yanzu ga ni tsugune a tsakiyar ɗaki ina shinshina takarda.

Kai, wannan kusurwar! Wata ma ta ɗago, ta ƙarƙashin haɓa. Aikin baban giwa. In danne nan, can ya tashi. Damina ma ta sa hannu, bango ya jiƙe, allon da nake manna ki a kai ya fara lanƙwasa, kyankyasai sun gano sitaci sun cinye miki rabin kunne shekaranjiya. Na sake kunnen da ambulan. Wa zai lura da kunne? Inna Mary za ta lura.

Datse. Datse kawai. Guntayen ma ba asara ba ne, suna da amfani, takarda mai mai ba ta gardama da ashana. Kullum da safe in dunƙule na jiya in tura ƙarƙashin gawayi, kafin ka ce kwabo wuta ta kama. Abu ɗaya ke nan da takardun nan suka yi mini ba tare da sun wahalar da ni ba.

Ga su can sun fara taken ƙasa. Har da tafi. Da kina nan da kin fi kowa tafi, ke da kika rufe kasko ranar zaɓe, abin da ba ki yi ba ko ranar da aka haifi jikanki. "Tun ina da ƙarfina rabona da dangwala yatsa. Bari in je kafin su fasa." Layi har bakin titi, rana a tsakiyar ka. Da aka zo kanki tawada ta ƙi kama yatsan. Malamin zaɓe ya danna, ya sake dannawa, ya ce, "Mama, hannunki duk mai ne." Kika ce, "Ɗana, shekara talatin yatsan nan yana shan mai, yau ɗaya za ka raba su?" Layi ya fashe da dariya. Sai da kika durƙusa kika goge shi da yashi. Ya duba ya ce tabon nan ya raba shi biyu. Kika ce, "Aikin 'yata ne, ga ta nan tsaye, malamar makaranta ce." Da ƙarfi kika faɗa, don layi ya ji.

Ina shekara huɗu, wai. Kina yanka albasa na ja miki zane, wuƙa ta zame. Ban tuna ba. Tabon na sani. In zazzaɓi ya kama ni kika dafa mini goshi, ina jin layinsa, ɗan tudu, kamar zare a ƙarƙashin fata.

Kwana tara bayan zaɓen... da muke yi miki wanka ni da Inna Mary, tawadar tana nan a gefen farce. Na sa sabulu na goge, ta ƙi fita. Inna ta ce, "Bar mata abinta." Ba ki ga ranar da kika yi wa layi ba. Ga ta yau ta zo, tana ta ihu a ɗakin maƙwabta.

Uku da kwata. Ba baki. Fuska ba baki, Comfort, kina nan kina tone-tone. Kwandon ma ya kusa ƙarewa, da ƙyar ya rufe gindi. A cike na same shi, har yana zuba. Ina wadda ta yi duhu, ta leɓen ƙasa... wannan. Tsohuwar takardar ofis, ta yi launin ƙuli-ƙuli. Ita ma da nata man a kusurwa, mana, ina za a rasa. Rana ta fito, bari in ɗaga ta a taga in ga iyakar inda man ya tsaya, kar in datse fiye da—

Mene ne wannan?

Layi-layi. Zagaye cikin zagaye, sirara, da ɗan jan yaji a ciki. Ga kuma wani layi ɗaya ya ratsa ta tsakiya, ya raba shi biyu.

A'a.

Wata. Ɗauko wata. Ga shi. Wata kuma — ga shi, ya ɗan karkace, amma shi ne. Wadda ke gefen kumatu, mai kunnen akuya, wadda nake zagi tun safe... ga shi. Duk a kusurwa. Duk inda kika dafe kika yage. Ba malalar mai ba ce, yatsanki ne. Kowace takarda sai da kika dangwala mata, ɗaya bayan ɗaya, kwando guda, ba malamin zaɓe ba tawada.

Sati uku. Sati uku ina shimfiɗa su a ƙasa ina neman launi, launin kumatu, launin goshi, ban ɗaga ko ɗaya na duba ba. Ina datse ki ina zubarwa, don wata baƙuwa mai kyan hanci ta samu wurin kwanciya. Kuma da safe... Yesu. Da safe in tura ƙarƙashin gawayi. Na dafa shayi da ke. Na ɗumama tuwo. Har ina yabon yadda kike kama wuta.

Nawa? Kar ki ƙirga. Ɗari? Fiye. Kar ki ƙirga, na ce.

Na yau suna nan. Ban share ba, Allah ya sa ƙyuya ta hana ni shara. Ga ɗaya ƙarƙashin kujera, ga biyu jikin kwalbar gam, ga wata ta manne mini a dunduniya — na taka ki, tun yaushe nake taka ki? Wannan almakashi ya raba ta, rabi ne kawai, ina ɗaya rabin? Ina ɗaya rabin?

To yanzu me zan kai? Waccan ta kan allo ba ke ba ce, ko na ba ta baki ba ke ba ce, Inna za ta faɗa kafin ta ajiye jaka. Waɗannan kuma... guntayen takarda masu warin mai, a kan farin ƙyalle, gaban fasto, gaban matan zumunta, gaban Sylvanus da surukansa? A ce ga hoton mamaciya? Za su dubi juna. Za a ce malamar zane ta kawo shara coci.

Ga ta nan ta dawo. Kunyar nan, ita ce dai, ta ƙofar masaƙa. Ashe ba ta je ko'ina ba.

"Salama alaikum. Comfort? Kina ciki?"

Uku da rabi. Na faɗa. Takalminta a bakin ƙofa, tana kakkaɓe laima. Allon yana jingine yana kallon ƙofa da idanun mai sabulu, ba baki, kusurwa biyu a tsaye. Hannuna na dama almakashi. Na hagu a dunƙule, bakwai ne ko takwas, sun fara yi mini laushi a tafi saboda gumi, in na ƙara matsewa za su lalace, in na buɗe...

"Comfort?"

Ina zuwa, Inna. Ina zuwa. Wanne zan fara nuna mata — Mama, wanne?