Agwagin Tafkin Wiel

Sjeng Hendrix ne ya kafa tantuna talatin na farko a wani daji na yankin Limburg, shekarar da mai wani kamfanin wuraren hutu ya sayi wurin yana cewa mutanen birnin Rotterdam za su zo hutu cikin itatuwa. Wiel, abokinsa tun suna makarantar coci, shi ke riƙe masa igiya yana miƙo guduma. Da aka kwashe tantunan aka gina ƙananan gidaje masu tagar gilashi har ƙasa, Sjeng ne ya zaɓi mazaunin kowanne, don kada baƙo ya farka ya ga maƙwabcinsa.

Bayan shekara uku aka buɗe ƙauyen hutu na biyu na kamfanin a yankin Brabant, mai gida ɗari biyu da wurin ninkaya rufaffe, ruwansa da ɗumi ko ana ƙanƙara. Wiel aka ɗora a kai. Har hotonsa ya fito a jarida.

"Mutumin da ko ƙulli bai iya ba!" in ji Sjeng.

"Karo na huɗu ke nan kana karantawa," matarsa Mien ta ce. "Kofinka ya huce, maigida."

Abin da ya fi ci masa rai, iyalin De Bruin, da ba su taɓa fashin bazara a wurinsa ba, suka aiko kati cewa bana sabon wurin za su gwada.

Ran Lahadi ya hau jirgin ƙasa zuwa Brabant, wai ziyara, alhali aibu ya je nema. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa magudanar ruwa, bai sami komai ba. Wiel ya rungume shi.

"Kai, tsohon banza, sai yau? Zo ka ga abin da ke hana ni barci."

Ya kai shi bakin tafki. Ba agwagwa ko ɗaya.

"Ashirin na kawo, duk sun gudu. Yara kullum tambaya suke. Me ke faruwa, Sjeng?"

Kallo ɗaya Sjeng ya gane. An dabe gaɓar da siminti a tsaye, ba gangare, ba ciyawar ɓuya. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa.

"Ina zan sani? Ai kai ne babba."

A gida ya ba Mien labari yana dariya. Ita ba ta yi ba.

"Shi ya kwana uku da kai a asibiti da ka karye. Ka sani, ka yi shiru?"

Mako biyu abin yana cinsa. Ran wata Litinin ya tumɓuko ciyawar ruwa daga tafkin nasa ƙauyen hutun, ya cika motar ɗaukar kaya, ya tafi wurin Wiel. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya karɓi diga ya fasa gefe guda na simintin, ya dasa ciyawar, ya ƙi tsayawa cin abinci.

Da bazara agwagi suka zo da kansu, har suka ƙyanƙyashe. Ƙasidar tallan kamfanin ta shekarar ta fito da hoton Wiel a bangonta, durƙushe, yara kewaye da shi suna jefa wa agwagi gutsuren burodi. Sjeng ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a gefen hoton.

"Mien, zo ki gani. Wannan ciyawar tawa ce."