Sunan Kada Daga Vigo

Shekara shida ina rubuta wa Yaya Jalo wasiƙa, har na gaji da lasar kan sarki. Tun da ya bi jirgin kamun kifi ya sauka a wani gari, Vigo, a ƙasar Sifaniya, muka daina jin ɗuriyarsa. Iya kullum tambayarta ɗaya: yana raye? Zai dawo?

Babanmu, Malam Bahago na Kwarbai, bai taɓa sa baki ba. Jalo ɗan farinsa ne, kunya ta hana shi ko kiran sunansa, sai dai "wancan". Ni kuwa wannan kunya ta ishe ni.

Da daminar 1991 Baba ya kira ni zaure. Yana da wani tsohon littafi da yake tara sunayen dabbobi a harsuna, Larabci, Fillanci, Barbarci.

"Sakinatu, rubuta wa wancan. Ya aiko min sunan kada a yaren mutanen can."

"Shi ke nan, Baba? Ba gaisuwa?"

"Shi ke nan."

Na rubuta ina tsaki a ciki. Mutumin da kukan uwarsa bai motsa ba, kada ne zai motsa shi?

Bayan wata biyu sai ga ambulan. Rubutun Yaya ne, mai karkata hagu. Layi uku kacal: mutanen Galisiya, inda yake, suna cewa crocodilo. Na Fotugal ma haka. Sauran Sifaniyawa, cocodrilo. Ko sannu babu.

Iya ta tsaya bakin zaure da ludayi a hannu.

"Ya ce zai zo?"

Baba ya kwafe kalmomin cikin littafinsa, ya ɓata ya sake har sau biyu. Iya ta gaji da tsayuwa ta koma madafi. Ni dai ga tausayinsu, ga haushinsu.

"Ɗauko biro," in ji Baba. "Tambayo sunan damo."

"Baba, don Allah ka ce masa ya dawo gida mana. Ko kuwa mu haɗa masa da kunkuru da bushiya, a huta?"

Bai ɗago kai ba.

"A'a. Ɗaya-ɗaya za mu riƙa tambaya, kada su ƙare ina da rai."