Tsuntsun da Gariba Ya Wanke

Gariba ya riƙe bakin tsuntsun da yatsu biyu, ya tsoma jikinsa cikin bahon ruwan ɗumi. Nan take ruwan ya yi baƙi.

Kwana uku ke nan da wani jirgin ruwa ya yi yoyon mai, igiyar ruwa ta kwaso shi ta shafe gaɓar teku arewa da Doha. Rukayatu, ɗaliba 'yar Zariya mai binciken tsuntsaye, ita da abokanta masu fitowa kallon tsuntsaye kowace Juma'a suka kafa rumfa a kan yashi don wanke tsuntsayen da man ya shafa. Gariba direbanta ne kawai. Ranar farko ya tsaya jikin mota yana ganin yadda tsuntsayen ke suɓucewa daga hannun masu wankin, sai ya nemi safar hannu.

"Baba Gariba, a ina ka koyi wannan riƙon?" Rukayatu ta tambaye shi ta bayan takunkumi. "Ko motsi ba ya yi a hannunka."

"A Zongon Kumasi ni ke wankan gawa," in ji shi. "Nan ma in namu ya rasu, ni ake kira."

Bai yi mata zancen abokinsa Mumin ba. Shekara shida suna ɗaki ɗaya a unguwar Najma, Mumin a gadon sama. Ranar da korona ta kwantar da shi, kafin motar asibiti ta iso, ya kama hannun Gariba ya ce, "In ta faru, kai za ka wanke ni." Gariba na killace aka binne shi. A waya ya ji. Har yau, in ya kishingiɗa bayan azahar, yakan ji gadon sama ya yi ƙara, alhali ba kowa a kai.

Tsuntsun baƙi ne mai dogon wuya, idonsa kore shar. Gariba yana bin gashinsa da sabulu a hankali, yana jin bugun zuciyarsa a ƙarƙashin yatsa. A baho na uku bugun ya tsaya. Wuyan ya kwanta a kan hannunsa.

Rukayatu ta matso ta taɓa ƙirjin tsuntsun.

"Ya tafi, Baba. Khalas, shi ke nan. Sa shi a buhu, masu rai na jira a kwali."

"Saura fiffike ɗaya, Malama."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga idanunsa. Ba tsuntsun yake kallo ba. Ta waiwaya ta dubi kwalayen, sannan ta ɗauki buta ta tsuguna gefensa tana zuba masa ruwa.

Ya ware fiffiken ya wanke shi, har ruwan da ke gangarowa ya zama garau. Bakinsa na motsi, amma ba ta ji abin da yake faɗa ba. Ya naɗe tsuntsun cikin farin tawul, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ya daɗe tsaye yana fuskantar teku. Sannan ya canza safar hannu, ya ce a kawo na gaba.