Kwalba ta Goma Sha Tara

…to me ya sa ita wannan ba ta da rubutun Larabci a jikinta? Sauran goma sha takwas ɗin duk suna da shi. Mamane yana juya kwalbar a hannu, sanyinta na jiƙa masa tafi, yana neman sifilin nan da ake bugawa ɓaro-ɓaro, shaidar babu barasa ko ɗigo. Bai gani ba. Sai wasu haruffa ƙanana kamar ƙafar kiyashi, da hoton wata tsohuwar bishiya. A ƙasa masu gareji na dukan ƙarfe, unguwar Gubaira ba ta san hutun la'asar ba, shi kuma yana zaune shi kaɗai a ɗaki, waya jingine da tukunyar shayi tana jiran ya danna.

Ghali ne ya kawo ta. Ghali, yayan matarsa Bilƙisu, wanda ya nemo masa aiki da iƙama, takardar zama, a Riyad, wanda ke yawon kai kaya gidajen gahawa. Ya ajiye ta a firji da safe, ya ce, "Ga ta yau, gwani. Wannan da hannu ake haɗa ta, daga nesa ta zo." Gwani! Da wane baki ya faɗe ta? Har da wannan murmushi na gefen leɓe… Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ai shi ya jawo wa kansa. Wa ya aike shi? Ana cin shinkafar kabsa ranar Juma'a, ana gardamar birar nan, giya marar barasa, da ƙananan masu sana'a ke haɗawa, ta dabino, ta rumman, ta citta, kawai bakinsa ya suɓuce: kwana talatin, kwalba talatin, kowace rana zai ɗanɗana ɗaya ya faɗa wa 'yan gida a zauren waya yadda take. Wasa ne fa. Aka yi dariya, aka ce ba zai iya ba. Yanzu mutum ɗari da wani abu ke jiran muryarsa kullum, har da na Damagaram, har da Bilƙisu.

Fsss… murfin ya tashi. Kumfa.

A'a. Wannan ƙamshin…

Bakin kogi, Yamai, kujerun roba, fitila ja, wata waƙa da ba ta ƙarewa, shekara bakwai cur da ya zuba a maƙogwaro — ba a nan ba, Mamane, ba yanzu ba. Shekara tara ke nan da tuba. Tara! Ya yi kuka a gaban Ka'aba har wani tsoho Ba'indiye ya dafa masa kafaɗa. A ɗakin nan idan liman bai samu zuwa ba shi ake turawa gaba. Duk Riyad babu wanda ya san wancan Mamanen. Bilƙisu kaɗai ya gaya wa, daren farko, ta ce ta binne maganar. Ta binne? Mace da ɗan'uwanta, ciki ɗaya, nono ɗaya… kullum suna waya, me suke faɗa na rabin awa?

Kurɓi ɗaya. Don aiki kawai.

Ɗaci ne a gaba, sai wani bauri a baya, sai — wallahi akwai wani ɗumi da ke sauka a ƙirji. Ko babu? Dakata. Ta kwana na shida ma ta yi haka, citta ce. Amma wannan ba citta ba ce. Harshe ba ya mantuwa, ɗan banza, ya fi mai shi riƙo.

Kwana na goma sha ɗaya ne ya yi kuskuren. Ya kurɓa, ya lumshe ido, a gaban waya, ya ce, "Wannan kam ta kusa kama ta gaske." Ghali na kwance yana sosa ƙafa, bai ko ɗago ba: "Ta gaske? A ina ka san ta gaske?" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce ai a fim ake gani. A fim! Wa ke jin ɗanɗano a fim, don Allah? Tun ranar Ghali ya karɓe aikin kawo kwalabe, wai yana hanya, wai ya fi sanin wurare. Kyautatawa ce? Tun yaushe Ghali ya zama mai kyauta, mutumin da ke ƙirga ƙwayar dabino?

Tarko ne. To ai a bayyane yake. In ya ce wa waya akwai barasa a ciki, za a ce yaya aka yi ka gane? In ya ce lafiya lau ce, daɗi gare ta, Ghali ya fito da wata takarda ya ce jama'a ku ga limaminku, ya shanye giya yana santi. Gaba kura, baya sayaki. Kuma a ƙasar nan! A ina Ghali zai samo ta gaske a Riyad, mutumin da ko wutar hanya ba ya tsallakewa don tsoron tara? Ba zai iya ba… sai dai in wani ya ba shi. Mudir ɗinsu, shugaban wurin aiki? Wannan direban da ba ya gaisuwa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, Mamane, kai ma ka sani. Amma wani lokacin ai kazar ake nufi.

Wani kurɓin, a tabbatar. Ba a yanke hukunci da shaida ɗaya.

Bilƙisu ta turo saƙo jiya, bayan ta saurari ta sha takwas. Ba ta yi dariya ba kamar sauran. Ta ce, "Malam, muryarka ta canja in kana maganar abin nan." Shi ke nan abin da ta ce. Ta canja yaya? Ya tambaya, ta ce a'a, ba komai, yara na gaishe ka. Ba komai! Ita ma tana cikinsu ke nan. Ko kuwa tsoro take… tsoron me? Ruwan sha'ir ne da kumfa, yara ma na saye a baƙala, kantin unguwa.

Ɗumin nan dai. Yana nan? Ya tafi? Bari ya riƙe ta a baki, ya bar ta ta zauna a bayan harshe kamar yadda ake — kamar yadda ake yi da. Astagfirullah. A sake.

Ashe waya na karanta baƙon rubutu. Ƙaramin ɗansa ma ya sani, shi ne sai yanzu ya tuna? Ko da gangan bai tuna ba? Yana haska kyamara a jikin kwalbar, haruffan kiyashi suna juyewa ɗaya bayan ɗaya. Sha'ir. Ruwa. Ganyen ɗaci. Can ƙasa, ƙarƙashin saiwar bishiyar, inda babban yatsansa ya rufe tun ɗazu: sifili, ɗigo, sifili.

Babu komai a ciki. Ghali bai yi komai ba. Bilƙisu ba ta faɗa ba.

To alhamdu lillahi… a ce alhamdu lillahi mana. Me ya hana bakin? Kwalbar ta yi sauƙi a hannu, ya ɗaga ta ga hasken taga, ko ɗigo bai rage ba. Yaushe? Tun yana zaton giya ce ya shanye ta tas. Wannan abin da ya faɗo masa a ciki yanzu, mai nauyi, mai sanyi, ya san shi sarai, ba sauƙi ba ne. Haushi ne. Haushi yake ji da ba ta zama ita ba.

Ladan ya fara kiran magariba. Takun Ghali a matakala, yana waƙa, leda na ƙara a hannunsa, kwalba na bugun kwalba.

Saura goma sha ɗaya… kuma ƙafafunsa sun ƙi tashi su je alwala.