Kwalba Ta Bakwai

Da idon Baba Ɗanasabe ya fara rauni, sai ya danƙa mini shagonmu na maganin dabbobi a Tudun Wada. Ni kuwa a lokacin na dawo daga wani kwas na sati biyu a Kano, kaina ya cika fal da dabarun riƙe kwastoma. Na buga fom ɗari, na sayi biro ja da shuɗi.

Babban abokin cinikinmu shi ne Hamman, wani dattijon makiyayi daga gefen Falgore. Inda ya sayi magani, nan rugage goma sha wani abu suke saye. Idan ya juya mana baya, sai dai mu koma sayar da gishiri.

Ranar kasuwa ya shigo da sandarsa. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba na zaro fom.

"Baffa, suna? Lambar waya? To, shanu nawa ne a garkenka?"

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Suna nan dai, alhamdulillahi." Ya saɓa sanda ya fita. Kasuwa biyu ba mu gan shi ba, kuma babu ko mutum ɗaya daga rugagen da ya leƙo. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Da na gaya wa Baba, dariya ya yi har da tari.

"Munir, a Kanon ne aka koya maka tambayar Bafulatani yawan shanunsa? Shekara ashirin ina hulɗa da shi. Kwalba shida yake saye ta maganin tsutsa, daga nan na san lissafin garkensa, kuma bakina bai taɓa furtawa ba. Hau babur ka je. Ka bar takardar nan a gida. Ka tambayi lafiyar jar saniyar nan mai ɗingishi."

Na tafi, hanyar daji ta jijjiga ni son ranta. Hamman ya shimfiɗa mini tabarma, matarsa Inna ta kawo kindirmo a ƙwarya. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi ruwa, na tambayi ciyawa, sannan na ce Baba yana tambayar jar saniya.

Fuskarsa ta saki. "Ɗanasabe bai manta da ita ba? Ai ta warke, har ta haihu."

Awa biyu na yi a can, ban ambaci magani ba. Garken ya wuce ta gabana, na kawar da kai kamar mai kunyar surukai.

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga shi. Ya jingine sanda ya ce, "Ɗana, ba ni kamar yadda aka saba."

Na jera kwalba shida a kan kanta. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya miƙa hannu da kansa ya ɗauko ta bakwai ya ajiye a gefensu.

Garke ya ƙaru ke nan! Tambayar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta da ƙyar.

"Allah ya sa albarka, Baffa."

"Amin," in ji shi. Ya leƙa waje ya yafito mutum huɗu daga rugagen nan da ke tsaye a inuwa suna jiran su ga yadda za mu ƙare.

Fom ɗin nan ɗari, da su nake naɗe kwalabe har yau.